Amsa: Ɗan kabu-kabu ya buge ni a mararraba, wa zai biya gyara?

Malam, sannu da arziki. Ka ce kun haɗu da ɗan kabu-kabu a mararraba cikin garin Damagaram, ƙofar motarka ta lotse, kana tambaya ko asurans ɗinka zai gyara.

Da farko, in asurans ɗin dole kaɗai gare ka, wanda dokar CIMA (dokar asurans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar) ta wajabta, ba zai gyara motarka ba. Ɓarnar da ka yi wa wani yake biya. Gyaranka yana kan asurans ɗin mai babur in laifin nasa ne, kuma a nan gizo ke saƙa, don da yawansu ba su da shi. In haka ne, sai sulhu ko kotu.

Laifi kuwa konsta ke nuna shi, wato rahoton hatsari da jami'ai ke rubutawa: ƴan sanda cikin gari, jandarma in a hanyar Mirriya ko Tanut ne. A mararrabar da babu danja ko alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da babur ne. Kada a gusa mota kafin a auna, domin in an gusa, an ɓata shaida. Ɗauki hoto, da lambar shaidu.

Ka sanar da kamfaninka a rubuce cikin kwana 5 na aiki, da permi, kartigiris (takardar rajistar mota) da takardar asurans. Kada bakanike ya taɓa ƙofar sai mai ƙiyasin kamfani ya gani. In akwai rauni, a karɓi takardar likita tun ranar.