Tambaya da Amsa: Ɗaukar hoton tsofaffin silalla da waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tsinci tsofaffin kuɗi a adakar kakanmu, akwai anini da kwabo masu huji da 'yan sulalla. Ina so in tura wa wani mai tara kayan tarihi hotonsu, amma duk wanda na ɗauka, ko ya yi dishi-dishi ko ya yi ƙyallin da rubutun ke ɓacewa. Wayar ce ba ta da kyau? Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce laifin wayar ne. Dishi-dishin nan daga matsowa kusa da yawa yake, sai kuma rawar hannu. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta iya saita abin da ya matso ƙasa da santimita 10. Ka jera littattafai su kai tsawon santimita 15, ka kwantar da wayar a kai kyamarar ta leƙo ƙasa, ka danne ɗaya gefen da wani abu mai nauyi. Sa zum a kan 2x kawai, don in ka zarce haka hoton fashewa yake. Ka sa wayar ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, saboda taɓa maɓallin ma girgiza ta yake.

Ƙyalli kuwa aikin filas ne, kashe shi. Rubutun da ke jikin sile ɗan tudu ne, inuwar da yake yi ce ke sa ido ya karanta shi. Haske in ya fito daga inda kyamara take, sai ya cike inuwar, silen ya zama fari fat. Saboda haka daga gefe ɗaya ake haskawa. Da hantsi, ka zauna a inuwa kusa da taga ko bakin zaure, ban da tsakar rana. Da dare kuma ka kashe ƙwan ɗaki, domin haske iri biyu na ɓata launi, ka rufe bakin tocila da farar takarda, ka riƙe ta a karkace nesa da silen kamar taƙi guda. In silen ya goge ƙwarai, sauke tocilar har ta kusa kwantawa da tebur, ka riƙa zagayawa da ita a hankali kana kallon fuskar wayar. Akwai inda shekarar za ta fito raɗau. Gefen da ya yi duhu, jingina masa farar takarda ta mayar da haske.

Shimfiɗar da za ka ɗora silen a kai ta zama baƙin yadi marar ƙyalli. Shadda na walƙiya, atamfa kuma zanenta ke janye hankalin kyamara. Sai dai baƙi na ruɗin waya ta ƙara haske, don haka ka danna silen a fuskar wayar ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan.

Mai saye zai so ganin gaba da baya, da shekara, da wani ɗan mitsitsin harafi: H na nufin kamfanin Heaton na Birmingham ne ya buga, KN kuma King's Norton. Ka lura da aninin 1907, wanda aka yi da alminiyam, da na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai shekara a kan gadon sarautar Ingila ba.

Tambaya: Ina da dalar azurfa ta wuya da na gada wurin kakata, an rubuta 1780 a jiki, amma ta yi baƙi. In goge ta da toka da lemun tsami kafin hoton? Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Hajiya, kada ki soma. Toka na barin ƙananan ƙarce-ƙarce da ke fitowa ɓaro-ɓaro a hoto, kuma masu tara silalla sun fi son dauɗar shekarun a kan ƙyallin gugar. Ki riƙe ta ta baki-baki, kar yatsa ya hau fuskarta. Wannan dalar Mariya Tereza ce ta ƙasar Ostiriya. A 1780 sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga dalar da wannan shekara har zamaninmu, don haka lambar ba ta nuna tsufa. Ki ɗauki hoton bakinta, akwai rubutu a zagaye. Ki ajiye rula a gefe, faɗinta kusan santimita 4 ne, sannan ki ɗauki hotonta a kan sikelin maƙerin zinariya. Ya kamata ta yi kusan giram 28. In an liƙa mata zoben rataya, nauyin zai ɗan haura, kuma ki bar zoben ya fito a hoton, don yana taɓa farashi.

Tambaya: Hoton na yin kyau a wayata, amma in na tura ta WhatsApp sai ya lalace. Daga mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: WhatsApp na matse hoto don rage cin data. Yanke gefe-gefen har silen ya kusa cika hoton, ka tura shi a matsayin fayil ta alamar haɗa takardu, ba ta wurin hotuna ba. Kada ka sa masa filta. Lokacin hunturu kuma, goge gilashin kyamara da tattausan ƙyalle kafin ɗauka, ka kaɗe shimfiɗar, don ƙwayar ƙura ɗaya a kan baƙin yadi fitowa take kamar tsakuwa.