Tambaya da Amsa: Da gaske ne masu dawaki a Sikotland suna da asiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ne ya ce wai a Sikotland akwai ƙungiyar manoma da ke da wata kalma, in suka raɗa wa doki a kunne sai ya sandare ko ya bi su kamar raƙumi da akala. Ni dai ban yarda ba, Turawa ma suna da irin wannan? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. To malam, abokin naka bai yi ƙarya ba sai dai ya ɗan ƙara gishiri. Sunan ƙungiyar Horseman's Word, wato kalmar mai doki, ta yi tashe a ƙarni na 19 a arewa maso gabashin Sikotland wajajen Aberdeen, lokacin da dawaki suka karɓe aikin huɗa daga hannun shanu, wanda ya iya sarrafa manyan dawakin nan ya zama abin nema a gonaki.

Ai ba su suka fara ba ma. Magina masu sassaƙa dutse sun riga kowa, tun 1598 wani William Schaw, shugaban maginan sarki, ya rubuta musu dokoki, kuma daga zaurukansu ne ƙungiyar asiri ta Firimesin ta samo tushe. Masu niƙan hatsi na da tasu kalmar, masu lambu ma sun kafa tasu ƙungiyar a garin Haddington a 1676.

Amma shigar masu dawakin ita ce abin kallo. Saurayi zai tsinci ambulan ba komai a ciki sai silin gashin doki ɗaya, gayyatar kenan. Da daddare, galibi wajen 11 ga Nuwamba, sai ya tafi wani sito a gona da burodi da kwalbar wuski (giya dai ba a barinta a baya a harkar), a ɗaure masa ido, ya rantse ba zai taɓa rubuta kalmar ba, can anjima kuma wani ya miƙo masa alƙalami ya ce to rubuta mu gani ko ka riƙe, in tsautsayi ya sa ya kai hannu sai a zabga masa sarƙa a yatsu. Daga nan a ce ya gaisa da Shaiɗan, alhali ƙafar akuya ce ko sanda mai gashi aka miƙo masa a duhu.

Kalmar kuwa, abin da aka fi ruwaitowa shi ne tana nufin biyu sun zama ɗaya, mutum da dokinsa. Ni a ganina ba ita ke aikin ba, hanci ne. Doki akwai jin wari, su kuma sun san haɗin mai masu ƙamshi da ke jawo shi, da wasu abubuwa masu ɗoyi da in aka shafa a ƙofar barga ko da bulala ba zai taka ba, shi ke nan mai gona ya tsaya baki buɗe dole ya nemo ɗan ƙungiya. Da wannan suke kare abincinsu har su ja da maigida kan kuɗin aiki, kusan yadda maƙeranmu da wanzamai ba sa buɗe wa bare sirrin gado.

Abin da ya ci su tarakta ce, tun daga wajen 1930 ta fara korar dawaki daga gonaki, ita kuwa ba ta da kunne balle hanci.