Yadda za a haskaka harabar rukunin shaguna

Malam, tambayarka ita ce yadda za ka haskaka harabar shagunanka da ke kan titin Ahmadu Bello ba tare da kuɗin wuta ya cinye kuɗin haya ba. Ka fara da zagaya wurin da daddare domin ka ga inda duhu yake taruwa, wato ƙofar shiga, wurin ajiye motoci, matakala da bayan gini inda janareta yake. Kuskuren da na fi gani shi ne a kafa babbar fitila guda ɗaya mai tsananin haske, wadda take kashe idon direba da na mai gadi, ta kuma bar baƙar inuwa a gefe. Fitilu matsakaita da dama waɗanda aka karkatar da su ƙasa sun fi ta amfani, har ga kyamarar tsaro.

Ka nemi fitilar LED mai lambar IP65 ko sama da haka, wato lambar da ke nuna yadda rufin fitila yake hana ƙura da ruwa shiga, domin ƙurar hunturu da ruwan watan Agusta ba sa barin fitila maras kyakkyawan rufi ta daɗe. Haske mai 4000K, wato fari, ya dace da wurin motoci, mai 3000K kuwa, wato mai ɗan ruwan ɗorawa, ya fi daɗin ido a gaban shago. Ka sa na'urar da ke kunna fitila da kanta idan rana ta faɗi, sannan ka haɗa fitilun ƙofa da sola saboda ɗaukewar wuta.

Binne waya a ƙasa da kariyar tsawa kuwa, ka bar wa injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.