Mahaifina ya ce in bar jami'a in riƙe rumfa: mene ne hukunci?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan Daura ne. Na samu gurbin karatun akanta a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ke Katsina, amma Baba ya ce in zauna a rumfar hatsinsa, wai masu digiri nawa ke tuƙa Keke Napep a gari. Shin karatun jami'a wajibi ne? In na tafi na saɓa masa?

Amsa: Ɗana, ilimin da ya wajaba a kan kowa shi ne wanda ibada da mu'amala ba sa inganta sai da shi: tauhidi, tsarki, salla, azumi, sannan hukuncin sana'ar da mutum yake yi. Mai rumfar hatsi dole ya san riba ta haram a musayar gero da gero, ya san tauye mudu, ya san nisabin zakka. Digiri ba ya cikin wannan sahun.

Amma karatunka yana cikin farillar kifaya, wadda in wasu sun ɗauka ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari gari duka ya yi laifi. Imamu Gazali ya lissafa likitanci da hisabi, wato lissafi, a nan, ya ce ana bukatar hisabi a ciniki da rabon gado. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu. Annabi Yusuf kuwa da ya nemi riƙon taskokin Masar, amana da sani ya kafa hujja da su (Yusuf, aya ta 55). Ƙasar nan ma ba baƙuwar abin ba ce. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi ya yi suna.

Maganar Baba ba ta rasa gaskiya. Takarda ba ta ba da arziki, sababi ce kawai. Inda ake faɗuwa sananne ne: a karɓi kowane kwas don dai a ce an shiga, a haddace takardun malami daren jarrabawa, ko a yi satar amsa, a fito bayan shekara 4 hannu bai iya komai ba. Satar amsa haramun ce, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Game da izini, malamanmu na Malikiyya sun ba iyaye damar hana ɗa tafiyar farillar kifaya idan hanyar akwai haɗari. Daura zuwa Katsina ba ta kai awa 2 a mota ba. Sai dai ka duba dalilinsa. Idan tsufa ko ciwo ya kama shi kuma babu mai tsaya masa sai kai, hidimarsa ta riga karatunka; ka rubuta wa jami'a ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ko ka koma kwalejin fasaha ta tarayya da ke nan Daura. Idan kuwa tsoron asara ne kawai, tafiyarka halas ce, amma ban yarda ka fita yana fushi ba.

Ka samu baffanka ko limamin unguwa su zauna da shi. Ka je da lissafi a rubuce: kuɗin rajista, ɗaki, abinci, mota, da inda kowanne zai fito. Bashin ɗalibai na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba da bashin karatu, babu ruwa a cikinsa, don haka halas ne, muddin ka ƙulla niyyar biya. Ana fara biya shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Ka yi masa alkawarin Asabar da Lahadi da hutun zango a rumfa, musamman da kaka. Tun wannan makon ka sayi littafi ka fara rubuta masa buhun da ya shigo, tiyar da ta fita, da sunan duk wanda ya ci bashi, ya ga amfanin abin da idonsa.

Wallahu a'alamu.