An ce ina dab da kamuwa da ciwon suga a Landan

Tambaya: Ina aikin kula da tsofaffi a Landan, galibi da dare. An auna jinina, likita ya ce HbA1c ɗina, wato ma'aunin yawan sukarin da ke jinina, 44 ne. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga a Kano. Shin wannan zai taɓa bizata? Gida kuma sun ce za su aiko min da sassaƙe.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka kan takarda. Sakamakon nan tsakaninka da likitanka ne, ba a nuna wa wurin aikinka sai da yardarka, ba kuma a dubansa wajen sabunta biza.

A ma'aunin Ingila, 42 zuwa 47 gargaɗi ne, daga 48 ciwo ya kama. Gado na nan, amma da sauran dama a hannunka. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna masu irin matsayinka da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. In kilo 90 gare ka, kilo 6 ake magana. Ka ce likita ya tura ka shirin rigakafin ciwon suga mai suna Healthier You na NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, kyauta ne.

Ni ƙarfe 3 na dare ne ya fi damuna. Barci na fizgarka, sai ka kai hannu ga lemon gwangwani, ko shayi mai kauri da biskit. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana da giram 35 na sukari, alhali NHS ta ce kada babba ya wuce 30 a yini. Gari ya waye ka danna malmala uku na tuwon semo, ka bi lafiyar gado. Nan ɓarnar take. Ka tafi aiki da dafaffen ƙwai, gyaɗa da gorar ruwa. Tuwo malmala ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ta fi shi yawa, wake ya ci rabin gurbin shinkafa. In za ka dawo, sauka daga bas kafin tasharka ka taka.

Sassaƙe kuwa, ka yi musu godiya ka ce a bari. Ba ka san me ke ciki ba, yana iya taɓa ƙoda, ƙoda kuma ba ta da arha. Ka faɗa wa Hajiya gaskiya cewa za ka rage ƙarin kwanan aiki ko da aike zai ɗan ragu. Ita ta san ciwon nan fiye da kowa. Ka kuma biya wa ƙannenka kuɗin gwajin suga a wannan watan.