In sayi mabiya ko in haƙura? Tambayar wata mai turaren wuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida a Zariya. Na buɗe shafi a Instagram da TikTok, amma har yanzu mabiyana ba su kai 500 ba, cinikin kuma duk na 'yan'uwa ne da maƙwabta. Wani ya ce in biya shi ya ƙaro mini mabiya 10,000, ƙawata kuma ta ce rabon kyauta zan riƙa yi. Sannan ni ba na son nuna fuskata a bidiyo. Ya zan yi mutane su san ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a sana'a.

Kada ki ba mutumin nan ko sisi. Abin da zai kawo miki shafuka ne na bogi, ko na mutanen wasu ƙasashe da ba su taɓa jin sunan humra ba. Ba asarar kuɗin kaɗai nake jiye miki ba, shafin ma zai iya durƙushewa. Idan kika ɗora hoto ko bidiyo, manhajar ba ta nuna shi ga kowa lokaci ɗaya. Tana lura da waɗanda suka fara gani: sun tsaya sun kalla? Sun yi tsokaci, sun tura wa wani, sun ajiye? In ta ga motsi sai ta ƙara yaɗa shi, in ta ji shiru sai ta bar shi nan. To ki tara mutum 10,000 da ba sa kallo ba sa magana, kin ga da hannunki kin shaida wa manhajar cewa kayanki ba su da farin jini. Masu saye ma sun waye. Mace za ta ga dubban mabiya a sama, ta duba ƙasa ta ga tsokaci biyu, sai ta yi zargin damfara ta wuce.

Rabon kyauta bai kai wannan muni ba, amma yawanci masu son banza yake tarawa, ana gama rabo su watse. In za ki yi kyauta, ki yi wa wadda ta riga ta saya: ki saka mata 'yar ƙaramar kwalba ta wani turaren da ba ta taɓa gwadawa ba. Wannan ita ce kyautar da take dawowa da oda.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani. Kina sayar da abin da waya ba ta iya ɗauka, wato ƙamshi. Mai atamfa a Kantin Kwari zai ɗaga turmi a ga zane da launi, ke kuwa hoton kwalba a kan tebur ba ya gaya wa kowa komai, kuma irin hoton da kowace mai turare take ɗorawa ke nan. Abin da ido zai iya gani shi ne aikin. Ki jingina wayar kusa da taga da safe, inda haske yake, ki ɗauki hannunki yana tsince itacen sandal, yana gyara farce da kajiji, yana juya haɗin a tukunya har ya yi duhu yana sheƙi. Ki ɗauki lokacin da kika ɗora ɗan gutsure a kan garwashi hayaƙi ya miƙe daga kasko, kika kifa kabbasa kika lulluɓa mayafi. Duk macen da ta san turare, tana ganin haka hancinta zai tuna. Ga amsar maganar fuska ke nan ma: hannu da murya sun wadatar, kuma ba sai kin yi rawa ko kin bi wani yayi da bai dace da mutuncinki ba. Sai dai ki fara bidiyon da abin da ya fi ɗaukar ido, hayaƙin ko juyin tukunyar, saboda a daƙiƙun farko ake yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Doguwar gaisuwa ki bar ta sai an zo ciniki.

Ki kuma riƙa koyarwa. Me ya sa turare yake ƙauri a kan wuta? Wane ne na ɗaki, wane ne na kaya, wane ne na jiki? Ya ake ajiye humra kada ta canja? Me amarya take buƙata, me mai jego take buƙata? Kowace tambaya da aka taɓa yi miki a falo bidiyo guda ce. Wasu suna tsoron kada a kwashi sirrinsu. Ba sai kin faɗi ma'aunin haɗinki ba, amma wadda ta koyi wani abu a wurinki, ranar da za ta sayi turaren biki ke za ta nema.

Ki rubuta farashi a fili. Wannan ɗabi'a ta "a biyo ni ta akwatin saƙo a ji kuɗi" tana korar mutane, musamman mai kunyar ta tambaya ta kasa saye.

TikTok da Instagram ki ɗauke su kamar bakin titi, inda masu wucewa suke hango ki; WhatsApp shi ne cikin shago. TikTok ya fi saurin kai sabon shafi gaban baƙi, don yana nuna bidiyo ga waɗanda ba sa bin ki in ya ga ana kallo har ƙarshe. Amma ciniki a ƙasar nan a WhatsApp ake ƙulla shi. Ki sauke WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, kyauta ne. Ki jera kayanki da hoto da farashi a wurin da aka tanada, ki saka saƙon maraba, ki saka mahaɗin lambar a saman kowane shafinki. Ki sani cewa sitatus awa 24 yake yi, kuma sai wadda kuka ajiye lambar juna take gani. Haka saƙon bai-ɗaya, wato broadcast, wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki. Saboda haka duk wadda ta yi miki magana, ko ba ta saya ba, ki roƙe ta ta ajiye lambarki, ke ma ki ajiye tata. Kada dai ki jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, kuma kada ki zuba hoto talatin a sitatus rana ɗaya. Data ta yi tsada, za a toshe ki.

Lambobin nan ki kwafe su a littafi, da garin kowa da abin da ta saya. A Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, masu kasuwanci a can suka shiga wani hali. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, don kamfani ɗaya ne yake da su. Ana kuma sace shafi, ana rufe shi ba gargaɗi. Ki kunna matakin tsaro na biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a shiga shafinki, kuma lambar sirrin da ake turowa ta saƙo kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake.

Babban abin da yake hana baƙuwa a Abuja ko Jos tura miki kuɗi shi ne tsoro, kuma tana da hujja, an cuci mutane da yawa. Ki sa sunan asusun banki ya yi daidai da sunan da ke shafinki. In hali ya yi, ki yi rajistar sunan kasuwancin a hukumar CAC. Ki riƙa nuna kaya an ɗaure za a kai tasha, ki tura wa mai kaya lambar direba ba sai ta tambaya ba. In saƙo ya isa ta yaba, ki nemi izininta ki ɗora maganarta, ki rufe suna da lamba. In kwalba ta fashe a hanya, ki sake aika wata. Ke ma ki kare kanki: kada ki saki kaya don an turo hoton rasit, sai kin ga kuɗin a asusunki.

Tallan kuɗi yana aiki, amma ba yanzu ba. Ki bari sai kin ga bidiyon da mutane suka fi turawa da kansu, shi za ki saka wa ɗan kuɗi, ki zaɓi mata a Zariya da Kaduna da Kano, inda aike yake da sauƙi. Ki fi ba shi ƙarfi gab da Sallah da lokutan da bukukuwa suke yawa. Kafin nan ki tsayar da kwana uku a mako na ɗora bidiyo, ki riƙe su tsawon wata uku, kuma duk ƙarshen mako ki ƙirga sababbin lambobin da suka shigo WhatsApp da kwalaben da suka fita. Kowace sabuwa ki tambaye ta a ina ta gan ki, ki rubuta a gefen sunanta.