Tambaya da Amsa: Fari Ya Kama Gerona Yana Fitar da Kai

TAMBAYA: Ni manomi ne daga ƙasar Gumel. Bana ruwa ya ɗauke mana kusan mako uku daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai, kuma ko da ya dawo sai na ga zangarniyar ba ta cika ido ba. Shin akwai sauran fata, kuma me zan yi da ɗan abin da zan samu?

AMSA: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Gero yana jure fari idan yana ƙarami, domin yakan lanƙwashe ganye ya jira ruwa, amma farin da ya same shi yana fure ko yana zuba ido shi ne mafi muni, kuma ruwan da ya biyo baya ba ya mayar da abin da ya tafi. Ka murza zangarniya ɗaya a tafin hannunka; idan ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa, to ka san damin bana ba zai auku kamar na bara ba. Dawa da wake kuwa suna iya farfaɗowa idan damina ta ɗan ja.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da zai biyo bayan kaka. A 2004 damina ta yanke da wuri a Jamhuriyar Nijar, ga kuma fara, amma yunwar ba ta tsananta ba sai a daminar 2005, lokacin da rumbuna suka ƙare a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, alhali hatsi yana nan jibge a kasuwa, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka kada ka kai geronka kasuwa da kaka lokacin da yake araha, don kada ka sayo tiya ɗaya da kuɗin tiya biyu lokacin da ake noman firi. Idan buƙata ta taso, gara ka sayar da akuya ko wake, ka kuma killace harawa da karan dawa tun yanzu.

Baɗi kuma ka nemi iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT da ke nuna cikin kimanin kwana 90, ka kuma saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, take fitarwa a farkon shekara kafin ka yi binne.